Ni sunaye nake saye in sayar

A wurin ɗaurin aure idan aka tambaye ni sana'ata, nakan ce harkar kwamfuta, don kada zance ya yi tsawo. Amma ainihin abin da nake ci da shi sayen sunaye ne da sayar da su. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman bene a Wuse 2 da ke Abuja, ba nisa da Banex. Mu uku ne: ni, da ƙanena mai riƙe da lissafi, da wata yarinya da ta gama bautar ƙasa, ita ke gina wa mutane shafuka. Sunan da nake nufi shi ne adireshin da kake rubutawa a saman burauza, mai ƙarewa da .com ko .ng. Mutum ɗaya ne tak ke riƙe da kowane suna a duk duniya, kuma na wanda ya riga yin rajista ne muddin yana sabuntawa duk shekara.

Wasu sukan ce ai kamar sayen fili ne a Kuje ka bar shi ya yi daraja. Ni a wurina ya fi kama da kiwo, don fili ba ya cin abinci, suna kuwa yana ci, wato kuɗin sabuntawa, kuma dala yake ci. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A wannan tsakanin na zauna da littafina na saki kusan rabin abin da nake riƙe da shi, ina ji ina gani. Sunayen .ng, waɗanda ƙungiyar rajistar sunaye ta Najeriya, NiRA, ke kula da su, su ne suka rufa mini asiri, don da naira ake biya.

Kyawawan sunayen Turanci an kwashe su tun muna makaranta. A 2019 an sayar da voice.com a kan dala miliyan 30, ka ga wannan ba kasuwar irinmu ba ce. Shi ya sa masu ƙaramin jari muka juya ga wasu harsuna. Da can adireshi ba ya ɗaukar komai sai baƙaƙen Turanci 26 da lambobi da ɗan karan tsakiya. A 2003 aka fito da tsarin da ke juya kowane irin rubutu zuwa waɗannan baƙaƙe ta bayan fage: kai ka rubuta münchen, na'ura kuma ta karanta xn--mnchen-3ya. A 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu ƙarshen adireshi na ƙasashensu da rubutun Larabci.

Larabcin ne ya fara koya mini darasi. Na yi Islamiyya, ina karatu ba laifi, sai na ɗauka kasuwar ta zo mini gida. Na sayi sunaye da dama a kan harkar waya, dukkansu da kalmar hatif, wadda muka sani a littafi. Shekara biyu ko tayi ban samu ba. Sai wani abokina da ya daɗe yana sana'a a Jidda ya leƙa littafin ya ce, "Malam, wa ka ji yana cewa hatif a kanti? A Saudiyya jawwal ake cewa, Misirawa kuma mobayil." Kalmar ba kuskure ba ce, masu saye ne ba sa faɗinta. Tun ranar ban ƙara zuba kuɗi a kalmar da ban ji ta a bakin 'yan kasuwa ba. Kasuwar Sin ma, inda lamba 8 ke da tsada saboda ana danganta ta da arziki, ake kuma gudun 4 don furucinta ya yi kama da na mutuwa, daga nesa nake kallonta. Faransanci nakan taɓa kaɗan saboda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, su ma na lura ba sa wahalar sa alamar saman wasali idan suna rubutu a waya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namu na gida. Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kuma ba ado ba ne. Kafa daban, ƙafa daban. Bata ba ɓata ba ne, haka kara da ƙara. Amma duba saƙonnin da ke cikin wayarka ka ƙirga mutum nawa ne ke sa lanƙwasa. Idan ka yi rajistar suna mai ƙ, wani kamfanin rajistar ya karɓa, wani ya ƙi. In ka samu ya shiga, sai ka je cike fom da imel ɗin da ke ɗauke da shi a ce maka adireshin ba daidai ba ne. Wani wurin kuma a nuna wa abokin cinikinka wancan xn-- ɗin, ya tsorata ya ɗauka 'yan damfara ne. Tsoron ma yana da tushe, don a 2017 wani mai bincike ya nuna ana iya haɗa suna da baƙaƙen Rashanci ya fito sak kamar apple.com. Saboda haka bibbiyu nake saye, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, in sa ɗayan ya riƙa kai mutum ga ɗayan. Kuɗin ya ninka, na sani. Amma ba na son wata rana wani da bai san ko sannu ba ya riƙe kalmarmu ya ce sai mun biya shi da dala.

Sunan kamfanin wani kuwa ba na kusantarsa ko da kyauta ne. Tun 1999 ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet a duniya, take da dokar sasanta irin wannan rigima, mai alamar kasuwanci ya kai ƙara WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, a karɓe sunan, kai kuma ka tashi a tutar babu.

Kwanan baya wani Alhaji mai turare da shadda a kasuwar Wuse ya hau benen nan yana haki. Ɗansa ne ya buɗe masa shafi shekarun baya, ya tafi karatu, ba wanda ya tuna da sabuntawa. An buga sunan a jikin leda da kwali da allon shago. Na duba na ga ya faɗa cikin kwana 30 na fansa, wato ana iya ceto shi amma da tara mai nauyi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau saura kwana shida. In ya wuce, bayan 'yan kwanaki za a sake shi kasuwa, kowa na iya ɗauka."

Ya ce, "To ai sunan mahaifina ne a jiki, yaro."

Ya kira wani ɗan canji a Zone 4, muka biya kafin La'asar. Na sa aka mayar da rajistar a kan sunansa da lambar wayarsa shi kansa, na kuma sabunta masa na shekara biyar a tashi ɗaya. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko akwai wanda ya riga ya ɗauki kalmar ƙamshi. Na ce bari in duba masa, duka biyun.