Mako na 14: jan ya fara dawowa kan Ludwigia

'Yan'uwa masu koyon shukar cikin ruwa, barkanmu da warhaka. Yau mako 14 ke nan da na kafa tankin kifin nan na gilashi mai cin lita 60. Da safe da fitila ta kama, na sunkuya na leƙa ta gefen gilashi, sai ga ganye huɗu na saman shukar Ludwigia palustris sun yi jajir, har da hasken da ke ratsa su kamar an ɗaga kofin zoɓo a rana. Na ƙasa kuwa suna nan kore-kore da ɗan ruwan ƙasa, yadda suka yi wata biyu suna ɓata mini rai.

Tun a farkon Fabrairu na dasa jajayen shuka iri huɗu: Ludwigia, da Alternanthera reineckii mai asali daga Kudancin Amurka, da Rotala rotundifolia ta kudu maso gabashin Asiya, sai ƙwaya ɗaya ta jan bado. Makonni uku na farko ganye ya yi ta ruɓewa yana faɗuwa. Kada wannan ya tayar muku da hankali. Yawancin shukar da ake sayarwa a waje da ruwa aka rene ta, saiwa kaɗai ke jiƙe, don haka sai ta zubar da tsohon ganye ta fitar da wanda ya saba da nutso. Ni dai na riƙa tsince ruɓaɓɓun da hantsaki kowace yamma.

Kuskurena ya fara ne a mako na 5. Sabon ganye ya fito lafiya lau, amma kore. Ko'ina na tambaya amsa ɗaya ce: a ƙara sinadarin ƙarfe. Na ninka abin da nake zubawa, bayan mako guda na sake ninkawa. Ja bai zo ba, gansakuka ce ta zo, mai zare-zare, ta naɗe Alternanthera har sai da na yanke rabinta. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, domin ita ce mafi jinkirin girma a cikinsu.

A nan na zauna na nemi sanin daga ina jan yake fitowa. Sinadarin da ke ba ganye wannan launi sunansa antosayanin, dangin wanda ke rina zoɓo, kuma babu ƙarfe a gininsa. Shuka tana yin sa ne don kare kanta idan haske ya yi mata yawa, kamar mai sa malafa a tsakar rana. Shi ya sa kan shuka, da ke kusa da fitila, yake riga gindi yin ja. Aikin ƙarfe daban ne: da shi shuka ke haɗa koren ganye, kuma idan ya yi ƙaranci sabon toho ne ke fitowa fari-fari ko rawaya, domin shuka ba ta iya kwaso shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Nawa tohon kore ne shar. Ke nan ba ƙarfe ta rasa ba, haske ta rasa.

Sai na sauya fitila da wadda ta fi ta ƙarfi, na saukar da ita kusa da ruwa. Amma haske shi kaɗai jawo gansakuka yake yi, domin yana hanzarta shuka ta nemi iskar CO2, wadda shuka ke haɗa abincinta da ita, fiye da wadda ke cikin ruwan. Tukunyar gas ta CO2 ta fi ƙarfin aljihuna a yanzu, don haka na bi hanyar yis, wanda ke cin sukari ya fitar da iskar: gorar lita ɗaya da rabi, sukari kofi ɗaya da rabi, yis rabin ƙaramin cokali, ruwa mai ɗumi, sai siririn tiyo zuwa cikin tanki. Gora biyu nake haɗawa, ina sabunta ɗaya kowane mako, don kada iskar ta yi yawa yau ta ƙafe gobe. Wannan hawa da sauka shi ne gansakuka ta fi so. Na kuma maƙala ɗan kwalban gwajin nan mai ruwa shuɗi a jikin gilashi: shuɗi alamar iskar ta yi kaɗan, kore tana kusa da 30 ppm (kashi 30 cikin miliyan) da ake nema, rawaya kuwa haɗari ne ga kifi. Ku kula, yis ba ya barci da dare, alhali shuka ta daina shan CO2 da zarar fitila ta mutu. Wata asuba na tarar da kifayena sun taru a saman ruwa suna haki. Tun ranar nake kunna famfon iska daga magariba har wayewar gari.

Ɗauke wuta ma ya ba ni wahala. Yau haske awa 3, gobe awa 11, shuka ba ta san inda ta dosa ba. Na mayar da fitila da filta mai tace ruwa kan batirin sola, na saita wa fitilar awa 7 cif kullum. A ganina wannan gyaran ya fi duk takin da na saya amfani.

Ƙarfen ban daina ba, na dai koma ɗan kaɗan sau uku a mako. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, 7.6 idan na auna. A irin wannan ruwa ƙarfen da aka haɗa da EDTA, sinadarin da ke riƙe shi a narke, ba ya daɗewa, yana kwantawa ƙasa kafin shuka ta sha. Na koma mai DTPA, wani sinadarin mai irin wannan aiki, wanda ke jure ruwan da pH ɗinsa ya ɗan haura 7. Ku duba bayan kwalba kafin ku biya kuɗi.

Jan badon nan shi ne ya riƙe mini zuciya duk tsawon wahalar. Ɗan Afirka ta Yamma ne, ɗan'uwan badon da muke gani a tafki da kududdufi bayan damina, kuma bai taɓa neman komai ba sai ƙwayar taki ɗaya a ƙarƙashin saiwa. Ganyensa ja ne mai ɗigo-ɗigo ko da haske bai kai ba. Kada ku binne ƙwayar badon gaba ɗaya, ruɓewa za ta yi. Ku ɗora ta kan yashi, kashi biyu cikin uku a waje. Duk ganyen da ya miƙe zai hau saman ruwa ina yanke shi daga tushe, in ba haka ba zai shimfiɗa inuwa ya hana sauran haske. Wanda zai fara jajayen shuka, da shi nake ba shi shawarar ya fara, sai Ludwigia.

Rotala ce ta rage. Ta tsaya a launin ruwan lemo, kuma an san ta da ƙara ja idan naitiret, ɗaya daga cikin abincin shuka a ruwa, ya yi ƙasa sosai. Ban yarda in yunwatar da tanki duka saboda ita ba, domin Alternanthera tana farfaɗowa kuma tana bukatar abinci.

Abin da ke gabana yanzu zafi ne. Tun Afrilu ruwan ke kai digiri 31 da rana, alhali waɗannan shuke-shuke sun fi jin daɗi tsakanin 22 da 28, ga yis yana ƙarewa da wuri. Na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, ta sauke shi zuwa 28, sai dai ruwan na ƙafewa da sauri, kullum sai na cika. Ranar Asabar zan sauya rabin ruwan, in yanke kawunan Ludwigia masu tsawon yatsa in sake dasa su a gaba, in bar gindin ya yi rassa. Idan ruwan sama ya sauka zan tari na biyu ko na uku, bayan kwano ya wanku, in gwada gauraya shi da na burtsatse rabi da rabi, in ga ko Rotala za ta motsa.