Kafin a zagi matan Kance, a leƙa rumbunansu

A nan Damagaram, da an ambaci matan Kance masu tafiya Aljeriya yin bara, sai ka ji an fara: kwaɗayi ne, rashin godiyar Allah ne, sun zubar mana da mutunci. A fada ana faɗi, a Kasuwar Dole ana faɗi. Ni mahaifiyata ƴar can ce, kawunnaina a can suke noma, kuma maganar tana yi mini zafi, don masu yin ta ba su taɓa leƙa rumbun talaka a watan biyar ba.

Lokacin kakanmu gandu ɗaya ne, hatsin bana yana tarar da na bara a rumbu. Da ya rasu aka raba wa ƴaƴa, ga jikoki nan suna jiran nasu. Abin da ya faɗo hannun ƙaramin kawuna, in ka tsaya a wannan iyaka kana magana da wanda ke waccan, ba sai ka ɗaga murya ba. Babu sauran dajin da za a sara, ba a kuma iya barin gona ta huta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 400,000 a yankin Kance kaɗai, yana cikin wurare mafi cunkoso a Nijar. Ko damina ta yi albarka, dammunan da kawu yake ɗaurewa ba sa kai iyalinsa faɗuwar ruwa.

Abin da ya fi cin raina shi ne abin da ke faruwa da kaka. Mai bashi yana bakin ƙofa, ga suna, ga kuɗin magani, ga takalman ƴan lakkwal, wato ƴan makarantar boko. Dole ya kai hatsi kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai nasa, tiya ta faɗi warwas. Ɗan kasuwa ya saye ya kulle a magaza. Da bazara, rumbu ya kwashe, kawu ya koma ya sayi hatsin nan da hannunsa ya noma, wata shekarar har ninki biyu. Ruwa ya sauka ba abin ci, sai ya bar gonarsa ya tafi barema a ta wani don ya samo awon yini. Kafin ya juyo ciyawa ta cinye tasa. Amfanin baɗi ya ragu ke nan tun daga bana. In ciwo ya shigo gida, gonar ce ake jinginarwa.

Na ga matar kawuna da yamma tana auna hatsin daka da ƙoƙo. Ta zuba a turmi, ta dubi yaran, ta sa hannu ta ɗebo kaɗan ta mayar cikin buhu saboda gobe. A gefe ga anza a jiƙe, ana sake mata ruwa don ɗacin ya fita. Na ce, "Inna, wannan zai ishe ku?" Ta ce, "In an ƙara wa furar ruwa, kowa zai samu."

To, macen da ke cikin wannan hali ta ga maƙwabciyarta ta dawo daga Tamanrasat ta Aljeriya da katifa, ta sayi awaki, ta fanso gonar mijinta daga jingina. Me kake zato za ta yi?

Ba na goyon bayan tafiyar, ko kaɗan. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada bayan an wuce Arlit, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata. Yaron da aka cire daga lakkwal aka ɗora a kan titi da kwano, Allah kaɗai ya san ranar da zai koma aji. Tun ƙarshen 2014 ake kwaso su cikin ayarin motoci ana maido su gida, ana yi musu wa'azi, wasu su huta kaɗan su sake kama hanya, don abin da ya kore su yana nan yadda suka bar shi.

Mutanen nan kuwa ba ragwaye ba ne. Su ne suka cika gonakin Matamaye, Magarya da Mirya da gawo, ta hanyar barin tohon itace lokacin sassabe, har daga ƙasashen waje ake zuwa kallo. Masu fili a bakin korama suna rake da kayan lambu duk rani.

Abin da kawuna yake buƙata ba ɓoyayye ba ne. Akwai garuruwan da ake warantaji: manomi ya ajiye buhunsa a magazar ƙungiya, a ba shi rance ya biya buƙatar kaka, in hatsi ya yi tsada ya biya ya karɓi kayansa. Ƙauyensu babu. Hatsin rangwame ma, shekarar da ya zo, sai da aka yi noman farko, kuma a babban gari ya tsaya, kuɗin kabu-kabu ya cinye rangwamen. Magaza mai ƙofar kirki da rance a watan goma, wannan nake roƙon magadan gari da masu furoje, wato ayyukan raya karkara, su fara kai wa ƙauyukan Kance.