Layin wuta na musamman ga amfilifaya: abin da yake gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Yawancin masu neman a ja wa amfilifayarsu, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, layi na musamman daga akwatin rarraba wuta suna zaton wutar soket ce ba ta ƙosar da ita. Wannan tunani a Amurka yana da hujja: wutarsu bolt 120 ce, layin ɗaki kuma amfiya 15, wato wat 1,800 ke nan gaba ɗaya, ga talabijin da fitilu a kai. A Najeriya da Nijar wutar bolt 220 zuwa 230 ce. Soket mai ƙafa uku na amfiya 13 shi kaɗai yana ɗaukar kusan wat 3,000. Amfilifaya nau'in AB (haruffan A, AB da D suna nuna tsarin ƙirarta) mai wat 100 ga kowace lasifika, ko an ƙure mata murya, da wuya ta wuce wat 400, ƙasa da amfiya 2 ke nan, a sauraro na yau da kullum kuwa ko rabin haka ba ta ci. Nau'in D ta fi ta tsimi. Nau'in A ce kaɗai take zuƙar wuta daidai wa daida ko ana kiɗa ko an yi shiru. Saboda haka darasi na farko shi ne a yi lissafi kafin a fasa bango.

Amfanin layin yana wani wajen. Amfilifaya mai taransifoma da manyan kafasita, masu tara wuta, ba ta shan wuta a jere kamar dutsen guga. Kurɓa take yi, sau 100 a kowace daƙiƙa, daidai lokacin da igiyar wutar ta kai ƙololuwa, kuma kowace kurɓa ta ninka abin da na'urar awo take nunawa sau da yawa. Idan wayar siririya ce, ko ta ratsa soket biyar da haɗi shida kafin ta iso, ƙarfin wuta yana zubewa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ga kuma maƙwabta a kan layin: firij, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda injinsu kan ja ninki biyar ko fiye na abin da ya saba ci a lokacin tashi. Wannan "ƙas" ɗin da ake ji a lasifika idan firij ya tashi, da dusashewar fitila, daga nan suke.

Kafin a sayi ko mita ɗaya na waya, akwai gwaji mai arha. A sa na'urar awo a soket ɗin amfilifaya, a kunna injin ruwa, a duba bolt nawa suka sauka. Sai a maimaita awon a bakin akwatin rarraba wuta. In soket ya faɗi da bolt 10 amma akwati bai faɗi da fiye da 2 ba, laifin wayoyin cikin gida ne, sabon layi zai yi magani. In duka biyun tare suke faɗuwa, matsalar tana waje, a wayar da ta sauko daga fal ko taransifomar unguwa, kuma ko wayar zinare aka ja ba abin da zai canza.

Aikin kansa ba shi da wuya ga ƙwararren mai gyaran wuta, kuma shi ya kamata ya yi, bayan ya kashe babban makunni ya tabbatar da na'ura cewa babu wuta. Bireka ɗaya (makunnin da ke yanke wuta da kansa in an ja fiye da ƙima) ta amfiya 16 ko 20, wayoyi uku daga akwati har soket ba tare da haɗi a hanya ba: mai wuta, nitiral (wadda wuta take komawa ta cikinta) da wayar ƙasa (ta kariya). Kada a ari nitiral daga wani layi, domin hayaniyar wancan layin ta nan za ta shigo. Waya mai kaurin 2.5 (murabba'in milimita) tana zubar da kusan milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita, mai kaurin 4 kuma 11, mai 1.5 har 29. A tsawon mita 20 da amfiya 10, asarar ta zama bolt 3.6 a mai 2.5, 2.2 a mai 4, da 5.8 a mai 1.5. Ke nan 2.5 ta wadatar a yawancin gidaje, 4 sai in ɗakin ya yi nisa. Mai kaurin 6 ɓarnar kuɗi ce, kuma da ƙyar take shiga bakin soket, a ƙarshe a yanke mata 'yan zare a samu haɗi mai zafi. A kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago: in ta yi fari a ciki, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, ta fi tagulla taurin wucewar wuta da kusan kashi 60 cikin 100, ga saurin sakin noti.

Bireka tana da harafi, kuma harafin yana da aiki. Taransifoma mai siffar zobe, idan aka kunna ta kafasitocinta babu komai, takan fizgi amfiya masu yawa na ƙiftawar ido. Bireka nau'in B tana faɗuwa nan take a ninki 3 zuwa 5 na amfiyar da ke lambarta, nau'in C a ninki 5 zuwa 10. B16 za ta iya faɗuwa daga amfiya 48, C16 sai daga 80. Don haka in bireka na faɗuwa lokacin kunnawa kawai, harafin za a canza, ko a sa na'urar tashi a hankali. Ƙara lambar zuwa 32 a kan wayar 2.5 gayyatar gobara ce.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wayar ƙasa. Mutum ya kashe kuɗi ya ja layi, sai ga gunji "huuum" da ba a jinsa a da. Dalili kusan kullum ɗaya ne: amfilifaya tana sabon layi, talabijin da dikoda suna tsohon, wayar sauti kuma ta haɗa su. Ɗan bambancin da ke tsakanin wayoyin ƙasa biyu, ko da bai kai bolt ɗaya ba, sai ya bi ta wayar sauti ya fito a lasifika. Maganinsa shi ne duk abin da waya ta haɗa da amfilifaya ya ci daga wannan layin guda, a soket biyu ko huɗu da ke jere. A gidan da layi uku na wuta suka shigo masa daga fal, kada a raba kayan a kan layuka daban-daban. In gunjin ya ƙi tafiya, a zare wayar eriya ko ta dish daga dikoda. In ya yi shiru, an kama ɓarawon, sai a sa ɗan abin da ke raba ƙasar wannan waya da ta sauran kaya.

Akwai magani biyu da suke kashe gunji kuma suke iya kashe mutum. Na farko cire ƙafar ƙasa ta fulogi. Na biyu, wanda ya fi yaudara domin yana kama da ƙwarewa, shi ne a kafa wa kayan sauti sandar ƙasa tasu daban ba a haɗa ta da ta gida ba. A ce sandar tana da taurin wucewar wuta na om 50, abin da ba baƙo ba ne a busasshiyar ƙasar Arewa da rani. Idan wuta ta taɓa jikin amfilifaya, 230 raba 50, amfiya 4.6 ce kawai za ta bi ƙasa. Bireka ta 20 ko motsi ba za ta yi ba, jikin na'urar zai zauna da wuta yana jiran hannu. In za a ƙara sanda, a ɗaure ta da babbar mahaɗar ƙasa ta gida, sannan a sa wa layin na'urar yanke wuta idan ta zurare, mai miliamfiya 30, a riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci.

Wani gunjin kuma ba daga lasifika yake fita ba, daga jikin amfilifayar ne. A kara kunne a ji. Wannan ƙarfen taransifoma ne yake rawa, ko don wutar ta yi yawa, ko igiyarta ta karkace gefe guda, ko inbata ce, mai mayar da wutar batir ta gida, mai igiya mai kusurwa. Haka na'urar da aka yi don wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa takan yi zafi da ƙugi a kan tamu mai 50, ko da an sauke mata bolt ɗin daidai. Sabon layi ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Sai batun ɗauke wuta da dawo da ita, wanda a wajenmu ya fi duk abin da aka lissafa ƙone kaya. Na'urar tsaron bolt mai jinkiri, wadda take yankewa in wuta ta sauka ƙasa da 180 ko ta haura 250 kuma take jira kafin ta mayar, ta fi kowace waya mai tsada amfani, musamman ranar da nitiral ya tsinke a fal wutar ta nufi 400. Sitabilaiza, na'urar daidaita bolt, mai "ƙas-ƙas" takan sa ƙara a sauti duk sanda ta canza mataki, kuma ƙarfin da aka rubuta a jikinta raguwa yake idan wuta ta yi ƙasa, don haka a ɗauki wadda ta ninka bukata sau biyu. Kafin a juya zuwa janareta a kashe amfilifaya, a bar injin ya daidaita. Wajen kunnawa ita ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.