Faɗin QRS na duba, na manta da siffarsa

Na'urar ECG mai zana wutar zuciya ta buga milisakan 156 a faɗin QRS, wato zanen wutar da ke ratsa ɗakunan zuciya na ƙasa, ta rubuta LBBB, wato toshewar reshen hagu na hanyar wutar zuciya, a saman takarda, ni kuma na yarda. Ƙarfin turin jini na ɗakin hagu na zuciya bai kai kashi 35 cikin ɗari ba, majinyacin ya haura wata uku a kan cikakken magani, haki bai bar shi ba. Muka dasa masa CRT, na'urar da ke daidaita bugun ɗakunan zuciya ta wayoyi a dama da hagu. Bayan wata shida hoton eko na zuciya ya nuna ɗakin hagu yana nan jiya i yau, ko kusa da raguwar girma ta kashi 15 da muke nema a ƙarshen matsewa bai yi ba.

Da na ɗauko tsohuwar takardar na duba da idona, sai raina ya ɓaci, don amsar tana nan tun farko. A layin I da aVL da V6, masu kallon zuciya daga hagu, QRS ya hau sumul ya sauko sumul, babu tozo biyu a tsakiyarsa. Har da 'yar ƙaramar q a V6, alamar cewa wuta tana ratsa bangon tsakiya daga hagu zuwa dama kamar yadda ta saba. Kaurin bangon zuciya ne na daɗaɗɗen hawan jini ya ja QRS ya yi faɗi, reshen hagu bai toshe ba.

Ƙa'idar da Strauss da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ta yi maganin wannan ruɗani: milisakan 140 ko fiye ga namiji, 130 ga mace, QS ko rS, wato zane mai nutsawa ƙasa, a V1 da V2, sannan tsaga ko jan ƙafa a tsakiyar QRS a layi biyu aƙalla daga cikin V1, V2, V5, V6, I da aVL. Tsagar ita ce shaidar aikin. Idan reshen hagu ya toshe da gaske, wuta daga dama take tahowa, ta ratsa bangon tsakiya a hankali, bangon gefe ne na ƙarshe da zai motsa. Wannan jinkiri wayar hagu ta CRT take gyarawa. In babu shi, me za ta gyara? Binciken MADIT-CRT ma ya nuna masu LBBB ne suka kwashi amfanin, sauran ba su samu abin kirki ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an sake yi mini gargaɗi a ɗakin aiki. Tazarar QLV, wato daga farkon QRS zuwa isar wuta bakin wayar hagu, ta tsaya wajen milisakan 70, alhali 95 zuwa sama ake so. Jijiyar da aka zura wayar a ciki ta yi kyau, tsokar tana amsawa da wuta kaɗan, tantanin numfashi ba ya zabura, sai na ce ya isa. QRS mai faɗin 156 da QLV na 70 ba sa tafiya tare, kuma ban tsaya na tambayi dalili ba.

ECG na bayan dashe yana da nasa amfani, amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. R mai tsayi a V1 da q ko juyewa ƙasa a layin I suna nuna wayar hagu tana kama tsoka. Raguwar faɗin QRS alama ce mai daɗi, in dai an auna daga wuri ɗaya kafin da bayan dashe. A wannan majinyaci R ta fito a V1, faɗin kuwa kusan bai motsa ba, watanni shida ina ta juya tazarar AV da VV, wato saitin lokacin bugun na'urar tsakanin ɗakunan zuciya, a banza.

Yanzu da hannu nake aunawa, a gudun milimita 25, kowane ƙaramin gida milisakan 40, kuma sai na ga tsagar a layi biyu kafin in rubuta LBBB a fayil.