Abin da kujerar magatakarda ta koya mini game da laifukan yaƙi

A jami'a, darasin dokokin yaƙi na ƙasa da ƙasa ya fi kowanne burge mu, ya kuma fi kowanne yi mana nisa. Mun haddace shari'ar Nuremberg da aka fara yi wa shugabannin Nazi na Jamus a 1945, da yarjejeniyoyin Geneva huɗu na 1949, da Yarjejeniyar Roma ta 1998 wadda ta haifi Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague. Najeriya ta amince da ita a 2001. Doka kam akwai ta. Sai da na zauna a kujerar magatakarda a wata ƙaramar kotun shari'a a ƙasar Haɗejiya na ga inda gizo ke saƙar: hujja.

Shari'ar Hissène Habré ce ta fi tsaya mini a rai, domin Chadi maƙwabciyarmu ce. Ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, sannan ya tsere Senegal ya yi zamansa. Wani da ya fito daga kurkukunsa da rai, Souleymane Guengueng, ya riƙa bin waɗanda suka tsira da iyalan waɗanda suka mutu, yana rubuta suna da abin da aka yi wa kowa, ya ɓoye takardun shekara da shekaru. A 2001 kuma aka gano takardun 'yan sandan asirin Habré, wato DDS, a watse a tsohon ofishinsu a Njamena, da sunayen fursunoni da na waɗanda suka mutu a tsare, rubutun ma'aikatansa da kansu. Waɗannan takardu da bakin shaidu ne suka sa kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai a 2016. Sama da shekara 25 ana jira. Da yawa cikin masu ƙarar sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar, kuma wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Darasi na biyu shi ne alhakin shugaba. A Yarjejeniyar Roma, kwamandan da ya san yaransa na kashe fararen hula, ko ya kamata ya sani, bai hana ba bai kuma hukunta ba, shi ma ya shiga. Wannan bai zo mini baƙo ba. Tun a makarantar Islamiyya muka ji wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya.

A wurinmu, yaƙin Arewa maso Gabas yakan shigo kotu ta ƙofar aure da gado. Wata baiwar Allah da ta yi gudun hijira daga Borno ta zo neman alƙali ya duba matsayin aurenta, shekaru ba mijinta ba labarinsa. Masu bindiga ne suka tafi da shi da asuba. Na ce, "Iya, wace rana ce?" Ta ce, "Ɗana, ni dai na san an gama yankan gero, Babbar Sallah ba ta zo ba." Daga ƙullin zanenta ta ciro katin zaɓensa, gefensa duk ya cinye. Iyakar abin da ya rage mata ke nan. Kotunmu za ta iya raba ta da zaman jira, amma wanda ya ɗauke mata miji ya fi ƙarfin huruminmu.

Kotun Hague ma ba ta shiga sai ƙasa ta ƙi ko ta kasa hukunta masu laifi da kanta. A Disambar 2020 babbar mai gabatar da ƙara ta lokacin, Fatou Bensouda, ta kammala binciken share fage kan Najeriya da aka buɗe tun 2010, ta ce akwai dalilin yarda cewa 'yan Boko Haram da wasu jami'an tsaro sun aikata laifukan yaƙi. Mutane da yawa a nan ba sa son jin rabi na biyu na maganar, ganin irin sadaukarwar sojoji. Ina girmama wannan. Amma sashe na uku da ke cikin dukkan yarjejeniyoyin Geneva, wanda ya hana kashe ko azabtar da waɗanda ba sa cikin faɗa, ya hau kan kowane ɓangare a yaƙin cikin gida, kuma uwar da aka kashe wa ɗa ba ta tambayar rigar da mai harbin ya sa.

Shi ya sa yanzu, duk mai irin wannan ƙara da ya zo gabana, ba na tsayawa kan abin da fom ya tambaya. Ina rubuta sunan ƙauye da na mai unguwa, da ranar kasuwar da ta fi kusa da abin, da irin motar da aka zo da ita, da wanda ya gani da idonsa da wanda ji kawai ya yi, kowanne dabam. In mai ƙara ya yarda, nakan ba shi kwafi ya ajiye a gida.