Digiri arba'in da suka cinye min fuli talatin

Sati uku ke nan, amma in na ga buhun nan a kusurwar shago raina sai ya sake ɓaci. Fuli talatin ne a ciki na injin niƙa, wato faifan da bel ke hawa ya juya injin, waɗanda wani Alhaji mai sayar da kayan injuna a nan Gombe ya ba ni kwangilarsu, kuma da hannuna na lalata su.

Zubin tukwane na gada wurin Baba, irin wanda a kasuwa ake ce wa tukunyar dalma ko da yake alminiyam ne. Tukunya ba ta neman tauri. Fuli kuwa bel ke cin sa kullum, in ya yi laushi nan da nan ramin ya zaizaye. Shi ya sa na koyi gasa zubi bayan ya huce, har na haɗa tanda mai aiki da lantarki da ma'aunin zafi.

Gwajin farko da rim ɗin mota kaɗai na yi. Alminiyam ɗin rim yana da silikon wajen kashi 7 cikin ɗari da ɗan magnesiyam da bai kai rabin kashi ɗaya ba. Na riƙe shi a digiri 540 awa takwas don magnesiyam ɗin ya bazu cikin jikin ƙarfen, na tsoma shi a ruwan zafi mai digiri 70 cikin daƙiƙa goma, sannan na mayar da shi a 155 na awa biyar. A gashi na biyun ne wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani suke fitowa a ciki su ɗaure ƙarfen. Wani Bajamushe, Alfred Wilm, shi ya fara lura a 1906 cewa wani haɗin alminiyam da aka tsoma yana ƙara tauri in ya kwana biyu a ajiye. Da na sa magagari a jikin fulin, maimakon ya riƙa cushewa kamar ana goga sabulu, sai gari mai kyau ke zuba. Alhaji ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota, ya ce, "Malam, yi min talatin."

Rim ya yi tsada a wurin 'yan gwangwan a satin. Sai aka nuna min tulin tsofaffin fistin da kan silinda na injin mota da sauƙin kuɗi. Na ce ai alminiyam alminiyam ne, na haɗa da 'yan rim ɗin da suka rage na narka. Zubin ya fita sumul, har Baba ya yaba.

Ashe fistin da yawancin kan silinda akwai jan ƙarfe a cikinsu. Shi kuwa jan ƙarfe in ya haɗu da alminiyam, akwai sashen da ke fara narkewa kaɗan sama da digiri 500, alhali tsantsar alminiyam sai 660. Irin wannan haɗin a wajen 500 ake gasa shi. Ni kuwa na murɗa zuwa 540 kamar yadda na saba, na zauna ina gadin janareta awa takwas yana shan man dizal. Digiri arba'in kacal.

Da na buɗe tandar bayan la'asar sai na ga fulin suna gumi. Wallahi gumi: 'yan ƙwallaye masu sheƙi kamar ƙwayar gero sun tsattsafo a jikinsu, fatar ta yi duhu. Duk da haka na tsoma su, ina fatan abin a sama ya tsaya. Uku suka tsage a cikin ruwan, ina jin ƙararsu. Na ɗauki ɗaya da ya yi kama da lafiyayye na buga da guduma a hankali, gefensa ya ɓare kamar ƙuli-ƙuli. Baba ya juya ɓarin a tafin hannunsa ya ce, "Yaro, wannan ya ƙone daga ciki." Gaskiyarsa. In iyakokin ƙwayoyin ƙarfe suka narke, babu gashin da zai mayar da su, sai dai a sake narkarwa.

Abin da ya fi ci min rai, na san maganar jan ƙarfen nan. Na taɓa karanta ta. Araha ce ta rufe min ido, kuma ban ware ko guda ɗaya na gwada kafin in zuba talatin a tanda ba.

Yanzu buhu uku nake da su: na rim daban, na fistin da kan silinda daban, na murfin injin babur daban. Na ƙarshen ma ba na gasa shi yadda yake, don da matsi aka zuba shi a masana'anta, iskar da ta maƙale a ciki takan kumbura ta yi bororo. Kowane narki kuma sai na zuba ɗan guntun sanda guda na gwaji, shi zai fara shiga tanda shi kaɗai.

Na je na faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya mayar da alheri, na ƙara maka kwana goma." Na ranci kuɗin rim da na dizal wurin yayana. Jiya na kai ashirin, saura goma suna cikin yashin zubi.