Hannun da ya karɓi ambulan

Watanni na yi ina murna da sakamakon da ashe ba nawa ba ne, kuma har gobe in na tuna sai raina ya sosu. Aikin kundin digirina na uku ne a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, ɓangaren da ke bin diddigin yadda mutum ke yanke shawara idan amfanin kansa ya ci karo da haƙƙin wani. Tambayata ba ta da wani sarƙaƙiya: in aka tuna wa mutum alherin da aka taɓa yi masa, hannunsa zai ƙara sakewa ga wanda bai sani ba?

Wasan da na yi aiki da shi kowa a fagen nan ya san shi, wasan ɗan kama-karya. A ba mutum takardun kuɗi goma, a ce masa akwai wani a wani ɗaki da ba za su taɓa haɗuwa ba, ya saka masa abin da ya ga dama a ambulan, ragowar tasa ce. Na can ba shi da ta cewa. A 2011 Christoph Engel ya tattara bincike sama da 100 da aka yi da wannan wasa, ya ga matsakaicin abin da mutane ke bayarwa ya kai kusan kashi 28 cikin 100. Da wannan ma'auni na shiga. Rukuni ɗaya suka fara da rubuta labarin wani alheri da aka yi musu, ɗayan kuma suka rubuta yadda suka yini jiya, sannan aka ba kowa kuɗinsa.

Alƙaluma suka fito tas. Masu tuna alheri sun yi wa sauran fintinkau, tazarar da ko ba a yi lissafi ba ido zai gani. Na gabatar a taron sashe aka yi ta jinjina, na rubuta babi guda cur a kai, har na fara tunanin mujallar da zan aika wa.

Wata rana ina fitowa daga ɗakin karatu wani ɗalibi daga cikin mahalarta ya tare ni, ya gaishe ni, ya ɗan yi jim kamar mai neman ta inda zai fara. Ya ce, “Malam, ni fa tun ranar nan abin yana damuna. Uku na saka, amma da Malama ta karɓa sai na ga kamar ta ɗan jinjina shi a hannu. Ya yi kaɗan ko?” Na ce masa, “Ba a akwati ka jefa ba?” Ya dube ni ya ce, “Wane akwati, Malam?”

Nan take gwiwata ta yi sanyi. A tsarin da na rubuta, kowa zai shiga bayan labule shi kaɗai, ya rufe ambulansa, ya jefa a akwati mai tsaga a sama. Haka aka yi a babban zaure. Amma ana tsakiyar aiki ofishin da ke rabon ɗakuna ya karɓe zauren na wasu ranaku, ya ba mu wani ɗan ɗaki a madadinsa, ba a ko tambaye mu me muke yi a ciki ba. Ɗakin ba shi da kusurwar da za a rataya labule, akwatin ma in an ajiye shi sai ya tare hanya. Mai taimaka mini, wadda ban taɓa samun ta da sakaci ba, ta yi abin da duk mai hankali zai yi don kada aiki ya tsaya: ta tsaya a bakin ƙofa tana karɓar ambulan da hannunta, tana cewa “mun gode.” Ambulan ɗin kuwa farare ne marasa kauri. Wanda ba komai a ciki da wanda ke ɗauke da takarda biyar, yatsu na taɓawa za su bambance. Su ma mahalarta sun san haka. Kuma ranakun ƙaramin ɗaki sun faɗo galibi a kan zaman masu tuna alheri.

Daren nan ban runtsa ba. Na sake jera bayanan bisa ɗaki maimakon bisa rukuni, sai komai ya fito fili. 'Yan tsirarun masu labarin jiya da suka faɗo ƙaramin ɗaki sun yi kyauta kamar kowa a can. 'Yan tsirarun masu tuna alheri da suka samu zaure sun riƙe kuɗinsu kamar kowa a can. Labarin da suka rubuta bai motsa komai ba. Hannun da ke jiran ambulan a bakin ƙofa shi ne ya yi aikin duka.

Da safe na kai wa Farfesan da ke duba aikina. Na ce, “Ranka ya daɗe, babi na huɗu ya rushe.” Ya saurara har na gama, ya duba takardun a tsanake, sannan ya ce gara da abin ya fashe a hannunmu tun bai shiga mujalla ba. Da gaskiyarsa. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa a manyan mujallun fannin, kusan 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Da yaron nan bai tare ni ba, da nawa ya shiga sahun waɗanda wani zai ɓata shekara yana neman maimaitawa ya kasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan rami ba sabo ba ne. Tun 1962 Martin Orne ya yi gargaɗi cewa wanda ya shigo gwaji ba ya zama kamar dutse, yana lura da kai yana neman gane me kake so ya yi. A 1994 Elizabeth Hoffman da Vernon Smith da abokan aikinsu a Amurka suka tsara wannan wasa ta yadda ko mai binciken ba zai san wa ya ba da me ba. A cikin ambulan akwai takardun dala ɗai-ɗai guda goma da fararen takardu goma, mutum ya cike gurbin kuɗin da ya ɗauka da farar takarda, kauri ya zama ɗaya. Da aka yi haka, kusan biyu cikin uku ba su ba da ko sisi ba. A 2006 kuma Jason Dana da abokansa suka ba mutane zaɓi: ko ka raba dala 10 yadda kake so, ko ka karɓi dala 9 ka tafi, na can ba zai ma san an yi wasa ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku ya ɗauki tara ya yi gaba, alhali yana da ikon riƙe goman duka. Dala ɗaya suka biya don kada wani, wanda bai ma san su ba, ya ɗauke su marowata. Duk na karanta waɗannan, su ne ma suka sa na tanadi labule da akwati. Abin da babu takardar da ta faɗa mini shi ne canjin ɗaki na rana ɗaya zai iya kwashe labulen da akwatin, ba wanda ya yi laifi, ba kuma wanda ya ga dalilin kawo rahoto.

Akwai masu kawo mini zancen hoton idanu idan na ba da wannan labari, gwajin nan na 2006 a Jami'ar Newcastle da ke Ingila, inda aka liƙa hoton ido a saman akwatin biyan kuɗin abin sha aka ga kuɗi ya ninka kusan sau uku. Ni ban cika dogara da shi ba, domin da aka tattara ire-irensa a 2017 ba a ga hoton ido yana ƙara kyauta yadda ake zato ba. Hoto daban, mutum mai rai da zai taɓa ambulanka ya dube ka ya ce ya gode daban. Na biyun na gan shi da idona.

Da muka sake aikin, ba abin da na bari a hannun sa'a. Ɗaki ɗaya daga farko har ƙarshe, in an karɓe shi a ɗage zama. Rukunan biyu a zama ɗaya, ƙuri'a ce ke raba su, don duk abin da ya sami wannan ya sami wancan. Ambulan mai kauri, da fararen takardu na cike gurbi. Masu taimako ba su san me nake zato ba, ba su san wa ke wane rukuni ba, kuma ko “mun gode” an rubuta inda za a faɗe ta. Na rubuta hasashena da hanyar lissafina na ajiye a rumbun intanet kafin mutum na farko ya shigo. Sannan a ƙarshen kowane zama akwai tambaya ɗaya da yanzu ba na yin gwaji ba tare da ita ba: “A ganinka, wa zai iya sanin abin da ka saka?” In kana irin wannan aiki, ka je da ƙafarka ka zauna a kujerar mahalarci a kowane ɗaki da za a yi amfani da shi, ka riƙe ambulan ɗin, ka bi shi har inda zai kwana. Ka kuma roƙi masu taimaka maka su rubuta duk abin da ya sauya, komai ƙanƙantarsa, musamman wanda suke ganin bai kai a faɗa ba.

Sakamako na biyu bai yi armashi ba. Tazarar da ke tsakanin rukunan ta ragu har ba za a iya raba ta da dace ba. Haka na rubuta shi, haka ya shiga kundin, kuma ina alfahari da wannan babi fiye da wanda ya rushe, duk da kuɗin mahalarta na zagayen farko sun tafi ba dawowa.

Wani abokin aikina yana cewa akwatin ne ya nuna ainihin mutum, hannun kuwa riya kawai ya tono. Ban yarda ba. Yawancin shawarar da muke yankewa kan haƙƙin wasu a gaban mutane muke yanke ta, kuma yaron da ya yi watanni yana tunanin ko ukun da ya saka ta yi kaɗan ba wasan kwaikwayo yake yi ba, da gaske abin ya dame shi. Shi ya sa binciken da nake shiryawa yanzu a kan hannun ne kansa. Kashi uku za a yi: masu jefawa a akwati bayan labule, masu ajiyewa a tebur mai karɓa ya juya baya, da masu miƙawa hannu da hannu. Kwamitin ɗa'a ya amince da tsarin, ɗaki ma na samu a rubuce cewa ba za a taɓa shi ba har mu gama. Kuɗin da za a raba wa mahalarta nake jira.